Hancin Dattijo da Kwalbar Shekara Talatin

A garin Takatsuki, tsakanin Osaka da Kyoto, akwai wani dattijo da ya shafe kusan shekara arba'in yana gyaran na'urorin ba da hannu na jirgin ƙasa. Ranar da ya ajiye aiki a 2005, abokan aikinsa suka yi karo-karo suka saya masa kwalbar wiski guda, Hibiki mai shekara 30. Ya kai ta gida, matarsa ta share mata wuri a ƙuryar kabad, bayan kwanukan da ba a fito da su sai an yi baƙi. Ya ce zai buɗe ta ranar da ta cancanta.

Ranaku suka yi ta zuwa suna wucewa. Aka ɗaura auren 'yarsa tilo, ya ce a bari sai an samu jika. Aka samu jika, ya ce a bari sai sun cika shekara hamsin da aure shi da matarsa. Kafin ranar ta zo matar ta rasu. Daga nan ya daina zancen kwalbar, ita kuwa tana nan inda aka ajiye ta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Wata safiya cikin hunturu, shekara ashirin bayan ajiye aikinsa, ya kunna turare a gaban hoton marigayiyar kamar yadda al'adar gidajen Japan take. Ya ga hayaƙi yana tashi, amma ƙamshin da ya saba ji bai iso shi ba sai da ya sunkuya ya kai fuskarsa dab da shi. Likita ya ce masa babu wata cuta, hanci ma yana gajiya da shekaru kamar yadda ido da kunne suke yi. A makon ne 'yarsa ta zo taya shi gyaran ɗaki, ta ci karo da kwalbar, ta duba wayarta, ta ce, "Baba, ka kuwa san nawa ake sayar da irin wannan yanzu?" A watan Afrilun 2024 kamfanin Suntory da ke yin ta ya ɗaga farashinta daga yen 160,000 zuwa yen 360,000, masu sayarwa a hannu na biyu kuma suna neman fiye da haka nesa ba kusa ba. Rufin gidan yana yoyo. Kuɗin kwalbar zai rage nauyin gyaransa sosai.

Yawancin masu karanta wannan shafi ba sa shan barasa. Addini ya haramta musu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a farkon 2023 cewa babu wani gwargwadon shanta da za a ce ba ya cutarwa. Babu abin da ke cikin wannan labari da ya sauya ko ɗaya daga cikin biyun. Amma tambayar da ta tsaya wa dattijon ta wuce batun sha. Mene ne ainihin abin da ke cikin wannan kwalba, har mutane ke biyan kuɗin gyaran gida a kansa? Kuma me ya kamata mutum ya yi da abin da aka yi domin a more shi, idan tsadarsa ta kai inda morarsa ta zama asara?

Abin da ke cikin kwalbar

Daga Takatsuki, tafiyar 'yan mintoci ce a jirgi zuwa Yamazaki, inda koguna uku, Katsura da Uji da Kizu, suke haɗuwa a gindin dutsen Tennozan. Wuri ne mai yawan hazo da ruwa mai daɗi, har gwanin shayin nan Sen no Rikyu ya gina ɗakin shayinsa a yankin tun ƙarni na 16. A nan ne wani ɗan kasuwar Osaka, Shinjiro Torii, ya fara gina matatar wiski a 1923. Ya ɗauko Masataka Taketsuru, wanda ya tafi Sikotlan a 1918 ya koyi sana'ar a matatun can, ya ɗora shi a kan aikin. Wiskinsu na farko ya fito a 1929, bai samu karɓuwa ba, domin ƙaurin hayaƙinsa ya yi wa Japanawa yawa. A 1934 Taketsuru ya tafi arewa, tsibirin Hokkaido, ya kafa nasa kamfanin da aka sani yau da suna Nikka. Torii kuwa ya ɗauki darasi guda daga wannan faɗuwa: kwaikwayon Sikotlan ba zai wadatar ba, sai an yi abin da ya dace da harshen mutanen gida da abincinsu.

Wiskin haɗi, irin Hibiki, iri biyu ne ake gaurayawa. Na farko daga tsiron sha'ir ake yin sa, a tsima shi, a tace shi sau biyu a manyan tukwanen jan ƙarfe. Shi ne mai kauri da hali. Na biyu yawanci daga masara ne, ana tace shi a dogayen na'urori masu aiki ba tsayawa. Shi mai laushi ne, aikinsa ya ɗaure sauran su zauna lafiya da juna. A Sikotlan, kamfanoni sukan yi musayar ganguna tsakaninsu, don haka mai haɗi yana da kasuwa guda da zai zaɓa daga ciki. A Japan manyan kamfanonin ba su saba da wannan musaya ba. Dole kowanne ya samar wa kansa duk irin da yake buƙata. Shi ya sa a Yamazaki za a ga tukwane masu siffa daban-daban jere a ɗaki guda, wata doguwar wuya, wata mai tumbi, kowacce da irin ruwan da take fitarwa. Kamfanin ya ƙara da matatar Chita ta wiskin hatsi a 1972, da ta Hakushu a cikin dajin tsaunuka a 1973.

Ruwan da ke fitowa daga tukunya fari ne tas kamar ruwan sha, ga zafi. Launi da mafi yawan ƙamshi daga gangar katako suke zuwa. Da zafi ruwan yakan kutsa cikin katakon, da sanyi ya dawo, ɗauke da abin da ya samo. Gangar itacen ok na Amurka tana ba da ƙamshin banila da zuma. Wadda aka taɓa zuba giyar inabin Sifen a cikinta tana ba da na busassun 'ya'yan itace da launi mai duhu. Ta uku ita ce ta Japan kaɗai: mizunara.

Ma'anar sunan ita ce ok mai ruwa, kuma maƙeran ganga ba su taɓa son sa ba. Bishiyar ba ta miƙewa sosai, takan yi kimanin shekara 200 kafin ta kai girman da za a fasa ta, katakonta kuma yoyo gare shi. Tilas ce ta sa aka koma gare ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar shigo da ganguna daga waje ta toshe. Masu haɗi na zamanin sun ga wiskin da ke fitowa daga cikinta ya cika kaifi, suka tura gangunan gefe. Sai bayan shekaru masu yawa aka gano cewa idan aka bar shi ya daɗe, kaifin yakan kwanta, wani ƙamshi ya taso mai kama da na sandal da itacen udu, irin wanda ke tashi a tsoffin ɗakunan ibadar Kyoto. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka turara da sandal da udu a Kano ko Maiduguri ya san dangin wannan ƙamshi, ko da bai taɓa ganin kwalbar wiski ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A nan gangar da aka raina ce ta zama abin alfaharin gidan.

Lambar 30 da ke jikin kwalba tana nufin mafi ƙuruciyar abin da aka zuba a haɗin ya yi shekara talatin a ganga. Da 'yar dattijon ta ji haka sai ta yi lissafi: kwalbar da aka saya a 2005, ƙaramin ɗigon cikinta ya shiga ganga a 1975 ko kafin nan. A shekarar aka haife ta. Kuma jiran ba kyauta ba ne. Katako yana numfashi, kowace shekara wani kaso yana bin iska. A Sikotlan akan ƙiyasta kashi 2 cikin 100 a shekara. A kan wannan ma'auni, gangar da ta yi shekara talatin ta rasa kusan rabin abin da aka zuba mata. Wasu gangunan kuma katako yakan rinjaye su, su yi ɗaci, su tashi daga aiki. Abin da ya kai shekara talatin da kyansa ragowar ragowa ne.

Sana'ar hanci

An fitar da Hibiki a 1989, shekarar da kamfanin ya cika 90 da kafuwa, ƙarƙashin Keizo Saji, ɗan Torii, tare da babban mai haɗi Koichi Inatomi. Kalmar tana nufin amo, irin wanda ke ci gaba da kaɗawa bayan an bugi ƙararrawa. Kwalbar tana da fuska 24, adadin ƙananan lokutan da tsohuwar kalandar Japan ta raba shekara. Inatomi makaɗin goge ne na Turawa, kuma ya ɗauki haɗi tamkar tsara ƙungiyar makaɗa: idan aka ji ɗaya ya fi sauran amo, aiki bai yi ba.

Mai haɗi yakan wuni yana bin ɗaruruwan ƙananan kofuna, kowanne daga ganga daban, an sirka shi da ruwa don zafin barasa kada ya rufe ƙamshi. Mafi yawan hukuncin da hanci ake yanke shi. Harshe ɗanɗano biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da garɗin nan na romo da masanin Japan Kikunae Ikeda ya bayyana a 1908 ya kira shi umami. Mafi yawan sauran abin da mutum ke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Shi ya sa mai mura yake jin abinci salam. Don kare wannan ma'auni, masu haɗi sukan guji turare da taba da abinci mai ƙarfin wari a ranakun aiki. Seiichi Koshimizu, wanda ya daɗe yana shugabantar ɗakin haɗi na Suntory, ya shahara da cin abinci iri ɗaya kowace rana da azahar, taliyar udon da soyayyen tempura, domin idan ya ji wani abu ya sauya a kofi ya tabbata daga kofin ne, ba daga bakinsa ba.

Akwai wani abu a wannan sana'a da ba kasafai ake samunsa a ayyukan zamani ba. Mai haɗin da ke aiki yau, kayan da yake taɓawa waɗanda suka gabace shi ne suka zuba. Gangunan da shi ya ba da umarnin a cika, mai yiwuwa ba zai ga ranar buɗe su ba. Yana cin gadon mutanen da wasunsu sun rasu, yana kuma tara wa waɗanda ba su gama makaranta ba tukuna. Ba ya da hanyar gyara kuskuren magabata, kuma nasa kuskuren sai bayan ya bar kujera zai fito fili.

Yadda ƙaranci ya samo asali

Mutane kan ɗauka tsadar tsohon wiskin Japan daga gwaninta kaɗai ta zo. Rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin karayar zuciya ce. Shan wiski a Japan ya kai ƙololuwa a 1983, daga nan ya shiga gangara har shekara ashirin da biyar. Matasa suka koma ga wasu abubuwan sha, tattalin arziki ya tsaya cik a shekarun 1990, har zuwa 2008 kasuwar ta koma kimanin kashi ɗaya cikin biyar na yadda take a da. Kamfanoni suka rage tacewa matuƙa. Matatun Karuizawa da Hanyu suka kashe wuta a wajajen 2000. Gangunan Hanyu kusan 400 saura kaɗan a zubar da su, sai jikan wanda ya kafa gidan, Ichiro Akuto, ya nemo musu mafaka. A wannan zamani ne abokan dattijon suka saya masa kwalbarsa: rumbuna cike da tsohon kaya na shekarun wadata, masu saye kuwa 'yan kaɗan.

Sai iska ta juya. Gasar ƙasa da ƙasa ta fara ba wa wiskin Japan lambobin yabo tun farkon shekarun 2000. A 2003 fim ɗin Lost in Translation ya nuna Bill Murray yana tallar Hibiki mai shekara 17. Daga 2008 Suntory ya farfaɗo da kasuwar gida da tallar wiskin da ake sirkawa da ruwan soda. A ƙarshen 2014 abubuwa biyu suka haɗu: gidan talabijin na NHK ya fara wasan kwaikwayon Massan a kan rayuwar Taketsuru da matarsa Rita 'yar Sikotlan, sannan marubucin Ingila Jim Murray ya ayyana wani wiskin Yamazaki a matsayin mafi kyau a duniya. Masu saye suka yi dafifi daga ko'ina, suka tarar da rumbunan da aka yi wa rowa shekara goma sha biyar zuwa ashirin da suka wuce.

Kuɗi na iya gina sabuwar matata cikin shekara biyu, amma ba ya iya sayen shekarar 1995. Gangar da ba a cika a lokacin ba, ba za ta taɓa samuwa ba. A 2015 aka janye Hibiki mai shekara 12, aka maye gurbinsa da wanda ba a rubuta masa shekaru. A 2018 aka dakatar da mai shekara 17. A 2020 kamfanin ya fitar da kwalba 100 na Yamazaki mai shekara 55 a kan yen miliyan 3 kowacce, ta hanyar ƙuri'a. Cikin 'yan watanni aka sayar da ɗaya a gwanjon Hong Kong a kan kusan dalar Amurka 800,000. Inda riba ta kai haka, 'yan damfara ba sa nisa. Wasu suka riƙa shigo da wiski daga waje suna ɗura shi a kwalabe masu rubutun Japan, wasu suna sayen kwalaben da aka shanye su sake cika su. A 2021 ƙungiyar masu sana'ar ta kafa ƙa'ida: abin da za a kira wiskin Japan sai an tsima shi, an tace shi, an ajiye shi aƙalla shekara uku a gangar katako, an kuma ɗura shi a cikin Japan.

Sakamakon duk wannan abin mamaki ne. Wiskin da aka ɓata shekara talatin ana renonsa domin hanci, yanzu wani kaso nasa yana kulle a akwatunan masu zuba jari, yana tafiya daga gwanjo zuwa gwanjo ba a taɓa cire masa murfi ba. Kuma ajiyar ba ta ƙara masa komai. Da zarar ya bar ganga ya shiga gilashi, girmansa ya tsaya. Kwalbar dattijon shekararta talatin a 2005, shekararta talatin a yau. Shi ne ya tashi daga sittin zuwa tamanin.

Daren da aka buɗe

Ya yi kwana uku yana juya maganar. Hujjar 'yarsa mai ƙarfi ce, kuma ya sani: rufi yana kare mutum daga ruwa, ƙamshi ba ya kare shi daga komai. Amma ya ga cewa idan ya sayar, kwalbar za ta koma wani akwatin ne, wurin mutumin da shi ma ba zai buɗe ba. Abokan da suka yi karo-karon, biyu kaɗai suka rage a raye. Ba jari suka ba shi ba. Ran nan da yamma ya kira ta ya ce, "'Yata, zo gobe da daddare. Rufin zan biya shi kaɗan-kaɗan daga fansho."

Ya fito da ƙananan kofuna uku masu faɗin ciki da tsukakken baki, irin da ke tara ƙamshi wuri guda. Murfin gilashin ya ɗan yi gardama kafin ya saki. Ya zuba kaɗan a na farko ya ajiye gaban hoton matarsa, kamar yadda Japanawa kan ajiye wa mamatansu abin da suke so su raba da su. Ya zuba wa 'yarsa, ya zuba wa kansa, bai fi cikin cokali biyu ba. Launin ya yi duhu kamar tsohuwar zuma idan an ɗaga ta a fitila. Ta kai hannu, ya ce ta dakata. Abin da ya daɗe a rufe yana buƙatar mintoci kafin ya saki jiki.

Da ya kai kofin hancinsa, da farko bai ji komai ba sai ɗan zafi. Gabansa ya faɗi. Ya janye kofin, ya ja numfashi, ya sake matso da shi a hankali, bakinsa a ɗan buɗe. Sai zaƙi ya fara zuwa, kamar na busasshen inabi da baƙin sukari. Iyakar abin da ya samu ke nan. Ya ce, "Faɗa mini abin da kike ji." Ta rufe ido ta fara lissafawa: ɓaure busasshe, ɓawon lemo, fatar tsohuwar jaka, da wani abu kamar cikin kabad ɗin Mama. Duk wanda ta ambata sai ya nema, wani ya same shi can nesa, wani bai same shi ba sam.

Ya ɗiga ruwa kaɗan a kofin. Ruwa yakan sassauta riƙon da barasa ta yi wa ƙwayoyin ƙamshi, ya turo su sama. Ya kurɓi ɗan mitsitsi, ya bar shi ya zagaya bakinsa, ya haɗiye, ya fitar da numfashi ta hanci. Babu kaifi ko kaɗan. Zaƙin ya wuce, ɗan ɗacin katako ya biyo baya, sannan kirfa. Ya zauna shiru yana zaton an gama. Can, bayan kusan minti guda, daga bayan maƙogwaro wani abu ya taso a hankali, busasshe, mai sanyi: sandal da udu. Turaren da ya kasa ji da safiyar nan ne ya biyo ta wata ƙofar ya same shi. Ma'abota turare a Japan ba sa cewa sun shaƙi turare, cewa suke sun saurare shi. Dattijon ya saurara har amon ya mutu.

'Yarsa ta dube shi ta ce, "Baba, ya kai kuɗinsa?" Ya ce bai sani ba, domin bai taɓa shan yen dubu ɗari uku da sittin ba balle ya kwatanta. Abin da ya sani shi ne ya makara da shekara goma, ko ashirin. Da ya buɗe ranar ɗaurin aurenta, da ya ji duk abin da ta lissafa da hancinsa, kuma da kofi na uku yana hannun mai shi.

Kwalbar da aka buɗe ba ta da daraja a gwanjo, kuma iskar da ta shiga za ta riƙa cin ƙamshinta sannu a hankali, don haka ba ta da sauran dogon jira. Washegari ya nemo lambobin abokan nan biyu da suka rage. Ɗaya yana Kobe, ƙafa ta hana shi fita. Dattijon ya naɗe kwalbar a ƙyalle, ya sa a jaka, ya nufi tasha. Jirgin Kyoto ne ya fara tsayawa, mai bi ta gaban rumbunan Yamazaki, inda gangunan da aka cika bana suke kwance cikin duhu suna jiran mutanen 2055. Ya bar shi ya wuce, ya hau na Kobe.